IDAN KULOCIN BABUR YA LALACE A HANYAR KASUWA

A wannan fitowa za mu yi magana a kan babur, wanda 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi suka fi kira moto. Duk wanda ke bin kasuwannin ƙauye ya san cewa cinikin shanu da yawa a kan babur ake ƙulla shi. Da shi ake shiga rugga a ga dabba tun ba ta iso tike ba. Da shi ake bin masu kora a kai musu guzuri, da shi kuma ake riga garke isa bakin iyaka a shirya takardu. Kasuwa kuwa ba ta jiran kowa. Wanda Maigatari ta kuɓuce masa ranar Alhamis, ko Illela ko Balleyara ranar Lahadi, sai wani mako. Kafin nan ga kuɗin dusa da harawa da ruwa, ga ladan masu tsaro, ga shanu suna ramewa a tsaye.

Cikin abubuwan da ke tsayar da tsohon babur a daji, kuloci na kan gaba. Makanikan ƙasashen da ke jin Faransanci kan ce masa ambiriyaji. Abin takaici shi ne sau da yawa ɓarnar 'yar ƙanƙanuwa ce, kuɗin gyaranta bai kai la'adar saniya ɗaya ba, amma rashin sani sai ya sa mutum ya kwana a hanya da kuɗin mutane a aljihu.

YADDA KULOCI YAKE AIKI

Inji yana juyawa muddin yana kunne, ƙafar baya kuwa dole wani lokaci ta tsaya. Kuloci shi ne mai haɗa su, shi ne mai raba su. A yawancin tsofaffin baburan da muke hawa, irin su Honda CG125 da aka fara ƙerawa a 1975, da Yamaha AG100 da DT125, da Suzuki A100, da kuma na Sin da Indiya da suka biyo bayansu, kulocin yana cikin murfin inji na gefen dama, yana wanka cikin mai.

A ciki akwai wani kwando na alminiyam mai yatsu, inji ne ke juya shi. A cikin kwandon an jera faranti iri biyu, ɗaya bayan ɗaya. Akwai masu ɓawo a jiki, galibi huɗu ko biyar, waɗanda kunnuwansu ke maƙale a yatsun kwando. Akwai na ƙarfe zalla, su kuma haƙoransu suna maƙale da cibiyar da ke juya giya. Sifirin, galibi guda huɗu, su ke matse farantan su zama kamar abu ɗaya, ƙarfin inji ya wuce zuwa giya da sarƙa. In ka matsa hannun kuloci, waya ta ja wani ɗan ƙarfe a jikin inji, shi kuma ya ɗage matsin, farantan su saki juna.

Ke nan wuraren ɓarna huɗu ne: hannu, waya, ɗan ƙarfen da waya ke ja, sai kayan ciki. Biyun farko kai da kanka za ka iya da su a gindin bishiya. Masu ƙananan babura irin Honda Cub da Yamaha Mate su ba su da hannu ba su da waya, nasu kulocin da kansa yake kamawa in inji ya ɗauki gudu, amma maganar mai da ta faranti da za ta zo a gaba ta shafe su.

A GANE CIWO KAFIN A NEMI MAGANI

Kada ka bari a kwance maka inji tun ba a san abin da ya lalace ba. Ga alamomi:

1. Hannu ya yi sakwaf nan take, ba nauyi ko kaɗan. Wannan waya ce ta tsinke, ko kanta ya fita daga mazauninsa. Duba sama wajen hannu, ka duba ƙasa wajen inji.

2. Hannu ya yi tauri, ko yana ƙugi yana kamawa yana saki. Waya ta bushe, ko ƙura ta cika kubenta, ko silinta sun fara tsinkewa ɗaya-ɗaya a ciki. Irin wannan waya kwananta ya kusa ƙarewa.

3. Ka murɗa totur a babbar giya, inji ya yi ta kuka amma gudu bai ƙaru ba, musamman a hawa ko da kaya. Kuloci ne ke zamewa. Ko waya ta yi ɗaurin tsiya, ko faranti sun cinye, ko sifirin sun gaji, ko mai bai dace ba.

4. Ka matse hannu har ƙarshe amma babur na jan jiki gaba, giya na shiga da ƙara, firi ya ƙi samuwa in kana tsaye. Kuloci ne bai saki duka ba. Ko waya ta yi sako-sako da yawa, ko farantan ƙarfe sun lanƙwashe saboda zafi, ko yatsun kwando sun yi tsaga-tsaga.

5. Ƙarar ƙarfe na kaɗawa a murfin dama, ko ka ga ɓarɓashin ƙarfe cikin mai. Wannan wani abu ne ya karye a ciki. Kashe inji nan take.

A lamba ta 3 da ta 4, fara da saiti, don shi ba ya cin ko dala. Hannun kuloci yana bukatar ɗan wasa kafin ya fara jan waya. A Honda CG125 wasan nan milimita 10 zuwa 20 ne a bakin hannu, wato kamar faɗin ɗan yatsa, kuma sauran baburan ba su yi nisa da haka ba. Wurin saiti biyu ne: ƙarami a gindin hannu, wanda ake murɗawa da yatsu, da babba a ƙasa kusa da inji mai noti biyu. In babu wasa ko kaɗan, farantan ba sa rufewa sosai, kullum suna gogar juna har su ƙone. Bayan saiti ka karkata kan babur dama da hagu har ƙarshe. In wasan ya canza, to an bi da wayar ta hanyar da ba tata ba.

IN WAYA TA TSINKE

Galibi waya na tsinkewa ne dab da ɗan dunƙulen da ke kanta, wanda ke zaune cikin ramin hannu. Dalili kuwa, dunƙulen nan ya kamata ya riƙa juyawa duk sanda ka matsa. In ya bushe, ƙurar hunturu ta cushe shi, sai ya ƙi juyawa, waya ta riƙa lanƙwasa a wuri ɗaya sau ɗari a yini har silin su gaji. Ɗigon giris a ramin nan kowane mako yana ƙara wa waya kwana ƙwarai.

Dabarar da ta fi kowace ita ce tun kana gida ka sayi waya ta biyu, ka bi da ita gefen ta farko, ka ɗaure su tare da roba, ka rufe bakunanta biyu da leda don ƙura. Ranar da ta farko ta tsinke, sai ka saki notin saiti, ka cire ta, ka maƙala sabuwa sama da ƙasa, ka saita wasa. Aikin bai kai shan shayi ɗaya ba.

In ba ka da waya ta biyu, akwai wani ɗan dunƙule mai kusa a jiki da ake samu wurin masu sayar da kayan babur da keke. Ana zura bakin wayar da ta tsinke a ciki a ɗaure kusar tam. Da yake wayar ta gajarce, dole ka saki wuraren saiti biyu har ƙarshe don ta kai. Wannan zai kai ka gari, amma kada ka riƙe shi a matsayin gyara, yana iya suɓucewa a kowane lokaci.

In shi ma babu, zaro abin da ya rage na wayar daga sama, ka naɗe bakinta a jikin ɗan guntun ice mai ƙwari ko sifana, ka riƙa ja da hannun hagu lokacin tashi da lokacin tsayawa kawai. Akwai masu cire wayar birkin gaba su mayar ta kuloci. Ɗan uwa, kada ka yi haka. Birkin gaba shi ne ya fi tsayar da babur, kuma hanyoyinmu cike suke da dabbobi da amalanke.

IN HANNU YA KARYE

Hannun kuloci na alminiyam ne, faɗuwa ɗaya cikin rairayi ta isa ta karya shi. In guntun da ya rage ya isa yatsa biyu, goge bakinsa a dutse don kada ya yanke ka, ka ci gaba. In ya yi gajarta, zura masa guntun bututun ƙarfe ko ka damƙe shi da filaya mai kulle, ita ce za ta zama hannu. In lanƙwashewa ya yi bai karye ba, bar shi haka. Yawancinsu in aka ce za a miƙe su da ƙarfi sai su ɓalle.

Rigakafinsa shi ne kada a ɗaure mariƙin hannun a jikin kan babur har ya ƙi motsi sam. A ɗaure shi yadda ba zai motsa da matsawar yatsu ba, amma in babur ya faɗi zai juya maimakon ya karye. Hannu na biyu kuma ba shi da nauyi, yana shiga ƙarƙashin sirdi.

TAFIYA BA KULOCI

In duk dabara ta ƙare, babur yana tafiya ba kuloci, muddin kayan ciki lafiya suke. Ga yadda ake yi. Sa shi a firi ka tayar, ka bari inji ya ɗumama. Nemi wuri mai tauri ko gangara, don cikin rairayi ba za ta yiwu ba. Tura shi, ko abokin tafiya ya tura ka, har ya kai kamar gudun sassarfa. Sannan ka taka giya ta ɗaya da totur kaɗan. Zai ɗan fizge ka, ka riƙe da kyau.

Wajen ƙara giya, ɗora ƙafa a kan sandar giya da ɗan nauyi, ka saki totur na ƙiftawar ido, giya za ta faɗa da kanta. Wajen rage giya, rage gudu sosai tukuna, ka ɗan taɓa totur daidai lokacin da kake takawa. Kada ka tilasta. In ta ƙi, sake gwadawa a hankali, domin takawa da ƙarfi na lanƙwasa cokulan giya, gyaransu kuwa sai an raba inji biyu.

Tsayawa ita ce wuya. Tun daga nesa za ka sauko da giya ka nemi firi babur na tafiya. In abu ya taso gaba ɗaya, taka birki ka bar inji ya mutu, ba zai yi masa komai ba.

A nan akwai jan kunne. Kada ka shiga tsakiyar kasuwa ko cikin garke da babur marar kuloci. Haka kuma in ka hango shingen jandarma ko na soja ko na duwan, musamman da duhu, ka sa firi tun daga nesa, ka sauka ka tura shi da ƙafa har gabansu. Mai bindiga da ya ga babur ya ƙi tsayawa ba zai san cewa waya ce ta tsinke ba.

IN ƁARNAR TANA CIKI

Abin da ya fi cinye faranti a wajenmu shi ne rairayi da lodi. Mutum biyu, ga buhun dusa, ga rago a ɗaure, an shiga yashi, direba ya riƙe kuloci rabi yana ba da wuta. A 'yan mintoci kaɗan farantan za su ƙone, har ka ji ƙauri. Ka'ida ita ce giya ta ɗaya, a saki hannu duka, in ya ƙi fita na baya ya sauka ya tura.

In an kai ga buɗe murfi, to ka tsaya a kan makaniki ka ga waɗannan:

Na farko, a juye mai a cikin kwano mai tsabta a duba shi. In akwai guntayen ƙarfe, a nemo inda suka fito, a kuma tabbata an tsince su duka. Guntu ɗaya da ya rage yana iya shiga tsakanin haƙoran giya.

Na biyu, kusoshin murfi tsawonsu ba ɗaya ba ne. A soke su a jikin kwali bisa tsarin da aka ciro su. Doguwar kusa a gajeren rami tana fasa jikin inji.

Na uku, a auna faranti. A CG125 sabon faranti mai ɓawo kaurinsa kusan milimita 3 ne, in ya sauko 2.6 ya gama aiki. Farantin ƙarfe kuma a ɗora shi a kan gilashi. In yana rawa, ko ya yi shuɗi saboda zafi, a canza. Ana canza masu ɓawo gaba ɗaya ne, ba a sa sabo ɗaya cikin tsofaffi. Sifirin ma a jera su kusa da sabo, in sun gajarce a canza su duka tare. Akwai makanikan da ke cusa wasa a ƙarƙashin sifirin don ƙara matsi. Yana ɗan taimakawa na kwanaki, amma hannu zai yi tauri, waya ta riƙa tsinkewa.

Na huɗu, a duba yatsun kwando. In kunnuwan faranti sun yi musu 'yan tsage marasa zurfi, ana iya goge su da magagari a hankali, daidai wa daida a kowane yatsa. In tsagen sun yi zurfi, ko yatsa ya fashe, a canza kwandon. Walda ba ta cika riƙe shi ba, kuma in ya ɓalle inji na gudu ɓarnar ta wuce kuɗin kwando nesa. Kada kuma a yarda a soka sukundireba tsakanin yatsun don a riƙe kwando wajen kwance babban noti. Da haka ne ake karya yawancinsu.

Na biyar, sababbin faranti masu ɓawo a jiƙa su cikin man da za a zuba, ko da na awa ɗaya ne, kafin a jera. In an sa su a bushe suna iya ƙonewa tun tashin farko. Kusoshin sifirin kuwa ƙanana ne, a cikin alminiyam suke shiga. A ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfin tuwo ba.

Na shida, a baburan Yamaha da yawa akwai wata sanda da ke ratsa cikin inji ta tura farantin matsi, tare da 'yar ƙwallon ƙarfe ƙarama. In ta faɗi ƙasa ba a lura ba, za a rufe komai a tarar hannu ba ya jan komai. Masu CG125 kuma, tunda an riga an buɗe, a wanke matatar mai mai juyawa da ke kusa da kwandon.

MAGANAR BAƘIN MAI

Da yake farantan cikin mai suke, irin man da ka zuba shi ke yanke musu kwana. Wasu mayukan mota na zamani an zuba musu sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, wannan santsin kuwa yana sa kulocin babur zamewa. Saboda haka ne a 1998 masana'antun Japan suka fito da ma'auni na man babur. Ka nemi galan ko kwalba mai rubutun JASO MA ko MA2. Man da ake aunawa a kwalbar da ba rubutu a bakin hanya, babu wanda zai faɗa maka ko mene ne a ciki. CG125 kusan lita ɗaya yake sha, ba kuɗi ne mai yawa ba.

Masu babura irin AG100 da A100, masu shan mai haɗe da fetur, su tuna cewa wancan man bai kai wa ga kuloci. Kuloci da giya suna da nasu man daban, kuma shi ne aka fi mantawa da shi shekara da shekaru. Da damina, in ka ratsa gulbi ko korama, duba mai. In ya koma kamar madara ruwa ya shiga, a canza shi a ranar.

Babur da ya daɗe a jingine shi ma farantansa kan manne da juna. Waɗanda suka ajiye nasu bayan hana hawa babur a jihar Diffa a Fabrairun 2015, ko a sassan Tilaberi a Janairun 2020, sun san wannan. Kafin a kwance komai, a sa giya inji na kashe, a matse hannu, a riƙa tura shi gaba da baya har ya saki.

SAYEN KAYAN GYARA

Tun daga karyewar darajar sefa a Janairun 1994, kayan Japan na asali suka yi tsada a ƙasashenmu, na kwaikwayo suka cika kasuwa. Kayan babur da yawa na wannan yanki ta Najeriya suke biyowa, daga manyan kasuwanni irin na Nnewi da Kano. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kowa ya ga yadda ƙaramin abu ke wuyar samu. Don haka in ka tsallaka ka sayar da shanu, ka sayo waya da hannu da jerin faranti tun ba ka bukace su ba.

In za ka saya, tafi da tsohon a hannu. Babura da yawa sun yi kama da CG125 a ido, amma yawan faranti da tsawon waya da siffar dunƙulenta sukan bambanta. Wajen waya, tsawon kube da tsawon silin da ya leƙo waje duka biyu sai sun yi daidai. Wajen faranti, ƙirga kunnuwa da haƙora, ka ɗora sabo a kan tsoho. Kwando na asali da aka ciro daga tsohon inji, in yatsunsa lafiya suke, sau da yawa ya fi sabo na jabu. Araha dai ba ta ado.

GUZURIN HANYA

Kafin ka bar gida, a ce akwai waɗannan a ƙarƙashin sirdi ko cikin jaka: wayar kuloci ta biyu, hannu na biyu, dunƙule mai kusa guda biyu, sifana lamba 8 da 10 da 12 da 14, filaya, sukundireba, ɗan giris a gwangwani, da igiyar roba. Kowace safiyar kasuwa kuma ka matsa hannu ka ji wasansa, ka leƙa kan waya ko sili ya fara tashi. In ka ga ko ɗaya ya tashi, canza ta a gida.

Waɗanda ke ba yaransu babur su bi garke, su zaunar da su su koya musu canza waya da tafiya ba kuloci tun a ƙofar gida, domin su ne ke shiga inda babu makaniki. A kuma karanta wa 'yan uwan da ba su iya boko ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, a sauka lafiya, a yi kasuwa lafiya.